Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello: Wa Zai Kai Wani Ƙasa?

    

Yau a filinmu na sharhin wasanni dambe za mu taɓa, dambenmu na gargajiya, na zare da kalangu. Tun zamanin kakanni, da zarar an yanke gero an ɗaure dawa, sai mahauta su ɗauki samarinsu da makaɗansu su shiga gari-gari suna neman wanda zai tare su. Yanzu wasan ya wuce hannun mahauta kaɗai. Ya sami gidaje na dindindin, irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano da gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ya kuma shiga wayar kowa. Yaron da bai taɓa taka Kano ba, yana zaune a teburin mai shayi a 'Yankwashi, zai lissafa muku 'yan damben Kudu da na Arewa da na Guramaɗa ɗaya bayan ɗaya.

A irin waɗannan majalisu akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Idan aka sake haɗa Dogo Mai Takwasara na Guramaɗa da Ali Ƙanin Bello na Arewa, kowa da lafiyarsa, kowa ya shirya, wa zai kai wani ƙasa? Sun sha sa zare, kowa ya san nauyin hannun ɗan'uwansa, kuma duk ranar da aka ce su ne a fili, gidan dambe ba ya ɗaukar jama'a. Iyayenmu suna da Shago da Ɗandunawa, waɗanda waƙar Ɗan Anace ta sa har yau ake ambaton su. 'Yan baya sun ga zamanin su Ebola da Garkuwan Cindo. Wannan ƙarnin kuwa, in ana maganar karon da ke raba majalisa biyu, to na Dogo da Ali ne.

Zan faɗi nawa hasashen, kuma ba zan ɓoye a bayan "kowa zai iya" ba. Amma ku ba ni dama in fara da hujja, domin hasashen da ba shi da hujja son kai ne kawai.

Yawancin masu gardama da ƙarfin hannu suke farawa. Wannan ya ce hannun Ali guduma ne, wancan ya ce in Dogo ya sauke maka nasa sai an yayyafa maka ruwa. Duka gaskiya ne, shi ya sa ma ba a nan za a raba gardamar ba. Duk wanda ya kai matsayin waɗannan biyun yana da hannun da zai kwantar da kowane ƙato. Abin tambaya shi ne, hannun wa zai riga isa? Amsar kuwa tana cikin dokokin wasan kansa.

Ku leƙa bayan fage lokacin da ake ɗaure wa ɗan dambe hannu. Zai dunƙule hannunsa mai ƙarfi, a naɗe shi da ƙyalle, sannan a bi da zare ana ja ana matsewa, tun daga kan yatsu har wuyan hannu, sai dunƙulen ya yi tauri, ko ɗan yatsa ɗaya ba ya motsi. Da wannan hannun kaɗai zai kai naushi. Ɗayan a buɗe yake, shi ne garkuwa. In ya shiga fili sai ya sa ƙafar garkuwa a gaba, ya miƙa tafinsa saitin fuskar abokin karawa, ya ja hannun zare can baya, ya ɗan rusuna yana auna tazara. Da garkuwar yake tarewa, da ita yake turewa, da ita yake rufe wa mutum ido, da ita kuma yake gane cewa abokin karawa ya shigo inda hannu zai same shi.

Ga hannu ɗaya ke nan. Sai turmi uku, ba ƙari. Sai kuma babbar dokar da ta bambanta mu da kowa: da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa. Babu alƙalin da zai tsaya a kanka yana ƙirga ɗaya zuwa goma. Ka faɗi, makaɗa sun juya kiɗa, magoya baya sun cika fili, magana ta ƙare.

Domin a ga nauyin wannan doka, bari mu ɗan leƙa damben boksin na duniya, inda aka sha haɗa dogo da wanda bai kai shi tsawo ba.

Ranar 1 ga Yuni, 2019, a birnin New York na Amurka, Anthony Joshua, wanda asalin iyayensa Shagamu ce a jihar Ogun, ya kara da Andy Ruiz. Joshua dogo ne, mita 1.98, Ruiz kuwa gajere ne a kansa, ga jiki. Duniya ta tuna cewa Ruiz ya ba da mamaki, ya gama da Joshua a zagaye na 7. Abin da ake mantawa shi ne, a zagaye na 3 Joshua ne ya fara kai Ruiz ƙasa. Ruiz ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya rama har sau biyu a cikin zagayen. Da a dandalin Ado Bayero aka yi wannan wasa, da tun faɗuwar farko an ɗaga hannun Joshua, da babu wanda ya san Ruiz yana da abin da zai rama da shi.

Ranar 18 ga Mayu, 2024, a Riyad ta ƙasar Saudiyya, Oleksandr Usyk ɗan Yukren ya doke Tyson Fury ɗan Ingila, ya haɗa dukkan manyan kambunan ajin masu nauyi a hannunsa. Fury mita 2.06 ne, Usyk mita 1.91. Masu cewa tsawo ba komai ba ne suna yawan kafa hujja da wannan wasa. To amma ku tuna yadda aka yi. A tsakiyar wasan Fury ne ke juya fili yadda ya ga dama. Sai a zagaye na 9 Usyk ya sami ƙofa ya gigita shi, kuma duk da haka sai da aka cika zagaye 12 alƙalai suka ba Usyk nasara da maki, su ma ba baki ɗaya ba.

Mu ƙara komawa baya, 11 ga Fabrairu, 1990, a birnin Tokyo na Japan. Mike Tyson, gajere mai hannun da duniya ke tsoro, ya haɗu da Buster Douglas wanda ya fi shi tsawo da nisan hannu. Douglas ya yi ta tsare shi daga nesa, zagaye bayan zagaye. Tyson bai sami shiga da naushin da ya kai Douglas ƙasa ba sai a ƙarshen zagaye na 8. Douglas ya tashi, ya gama da shi a na 10.

Ku haɗa wasannin nan uku ku ga abin da suke nunawa. Wanda aka fi tsawo yana iya yin nasara, amma sai ya sami ɗayan abu biyu: ko lokaci mai tsawo da zai karanci dogon ya gajiyar da shi, ko damar ya sha duka ya faɗi ya tashi. Usyk da Tyson lokaci suka nema, zagaye takwas zuwa tara. Ruiz damar tashi ya samu. Dambenmu kuwa ba ya ba da ko ɗaya. Gajere dole ya biya kuɗin ƙofa kafin ya shiga gidan dogo, kuma a boksin yana iya biya ya wuce ciki. A wajenmu, sau da yawa kuɗin ƙofar shi ne kisan.

Wannan ita ce babbar hujjar Dogo Mai Takwasara. Allah ya ba shi tsawo da nisan hannu, kuma a wasan da ake yi da hannu ɗaya, nisan nan riba biyu ne. Garkuwarsa tana taɓa goshin mutum tun mutum bai kai ga taɓa kafaɗarsa ba, wato shi ke fara sanin tazara. Hannun zarensa kuma daga sama yake sauka, ta bayan garkuwar abokin karawa, inda ido ba ya saurin gani. Akwai wani taki guda a fili wanda in abokin karawa ya tsaya a kansa, Dogo zai same shi, shi kuwa ba zai sami Dogo ba. Duk aikin Dogo a turmin farko shi ne ya ajiye Ali a kan wannan takin. In ya yi haƙuri, ya bar garkuwa ta yi aikinta, ya ƙi biye wa ihun 'yan kallo, to Ali ne zai zama mai neman shiga, mai neman shiga kuwa shi ke kawo kansa.

To, kada magoya bayan Arewa su kashe rediyo. Ali Ƙanin Bello bai yi suna a banza ba, kuma ba yau ya fara tsayawa gaban dogaye ba. An san shi da zuciya da nauyin hannu, kuma gogewa ta koya masa cewa dogo ma yana da ƙofofinsa. Ni uku nake gani.

Ta farko ita ce bayan an kai hannu an kuskure. Naushin dambe ba ɗan tsikari ba ne, da dukkan jiki ake kai shi, tun daga ƙafar baya har kafaɗa. In ya sami mutum, shi ke nan. In ya wuce ta iska, jiki yakan bi hannu, kuma dogon mutum ya fi jinkirin dawowa daidai. A wannan ɗan lokacin, da bai wuce ƙiftawar ido ba, haƙarƙari a buɗe yake, muƙamuƙi a buɗe yake. Ɗan damben da ya iya sunkuyawa ya bar hannu ya wuce ta kansa, sannan ya taso da nasa, ya fi kowa haɗari ga dogo. Wani lokaci ma ba sai an taɓa shi ba, nauyin hannunsa kaɗai kan ja shi ya dafa ƙasa, kuma dafa ƙasa kisa ne.

Ta biyu ita ce ƙafa. Dambe ya yarda da shuri, kuma dogon da ya miƙa garkuwa nesa dole ƙafarsa ta gaba ta yi nisa da jikinsa. In Ali ya riƙa taɓa wannan ƙafar, ko bai kayar ba zai sa Dogo ya riƙa janye ta, in ya janye ta kuwa tazarar da yake taƙama da ita ta ragu.

Ta uku ita ce zagaye. Wanda ya tunkari dogo kai-tsaye, ƙirji da ƙirji, ya taimake shi. Amma wanda ke zagayawa ta ɓangaren garkuwa, yana nesanta kansa da hannun zare, yana tilasta wa dogon ya yi ta juyawa yana sake kafa ƙafa. Kowane juyi yana cin numfashi. A turmi na uku, lokacin da hannun da ke ɗaure ya yi nauyi, garkuwa ta fara sauka daga saitin fuska zuwa saitin ƙirji, a nan ne mai zuciya irin Ali yake cin kasuwarsa.

Saboda haka wasan yana da fuska biyu. Farkonsa na Dogo ne, ƙarshensa na Ali ne. Tambayar ita ce ko za a kai ƙarshen.

Akwai abubuwan da ke iya rushe duk wannan lissafi, kuma mai hasashen gaskiya dole ya ambace su. Na ɗaya, fili. Yashi mai zurfi yana cin ƙafar mai zagaye, ya taimaki mai tsayawa wuri ɗaya. Ƙasa mai tauri kuwa tana taimakon mai sauri. Na biyu, lafiyar hannu. 'Yan dambenmu ba sa samun hutun watanni tsakanin wasa da wasa kamar su Usyk. Mutum zai yi wasa a Kano, jibi a ce yana Abuja ko Katsina, da kumburin da bai sace ba. Wanda ya shigo da tsohon ciwo a wuyan hannu zai riƙa tauna naushi kafin ya kai shi, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa. Na uku, makaɗa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fili ya ga yadda ɗan dambe ke canzawa in aka buga takensa. Jiki ya ɗauki tsuma, ya ɗaga hannu yana kirari, jama'a suna liƙi. Wannan tsuma ƙarfi ce, amma ta sha sa gwani ya manta dabararsa ya afka inda bai kamata ba. Tsakanin Dogo da Ali, wanda kiɗa ya fara ɗiba shi ne ya fi kusa da ƙasa, kuma asarar ta fi yawa a wajen Dogo, domin shi ne haƙuri ya fi yi wa rana.

Na huɗu shi ne sanin juna. Manyan 'yan dambe in sun san hannun juna sukan yi taka-tsantsan, a yi ta auna juna har turmi uku su cika, alƙali ya raba, a tashi babu kisa. Masu kallo ba sa son haka, amma ba tsoro ba ne, girmama hannun da aka sani ne. A wasannin da masu shirya gasa na zamani ke haɗawa, irin su Dambe Warriors da African Warriors, inda ake raba 'yan wasa bisa nauyi kuma ake sa wa turmi lokaci, lissafin yakan ɗan sauya, domin agogo yana matsa wa mai jira. Amma a damben gida, na turmi uku da kisa ɗaya, abin da na zayyana shi ne ma'auni.

Masu cewa ai sai wanda ya fi laya da guru, ra'ayinsu ne, kuma an daɗe ana faɗa. Ni abin da ido ke gani nake sharhi a kai: ƙafa, garkuwa, numfashi da haƙuri. Nasara kuwa ta Allah ce, yana ba wanda ya so.

To ga hasashena. Idan aka sake sa zare tsakanin mutanen nan biyu, kowa da lafiyarsa, a fili mai kyau, na ba Dogo Mai Takwasara, kuma ina ganin a turmi na biyu za a yi ta. Turmin farko zai tafi a aune-aune, Ali yana gwada ƙofa, Dogo yana rufewa. A na biyu jama'a za su fara ƙorafi, makaɗan Arewa su matsa, Ali kuma ba mutumin da zai yarda a ce ya ja da baya ba ne. Zai shigo, kuma a wannan shigowar nake ganin hannun Dogo zai riga nasa isa. In kuwa Ali ya daure, ya ƙi shiga sai Dogo ya kai hannu ya kuskure, har aka ga turmi na uku, to ku sani wasa ya juya, a lokacin ni ma ɓangaren Ali zan fi kallo. Amma in aka ce in tsaya a kan suna ɗaya, Dogo na ce. Ba don ya fi Ali zuciya ba, ba kuma don ya fi shi ƙarfi ba. Dokar wasan ce take bayan mai nisan hannu.

Kafin in sallame ku, ina da magana da rukuni uku.

Samarinmu masu tasowa a 'Yankwashi da Roni da Gwiwa, masu ɗaure hannu a dandali bayan an taso daga gona, na ga yawancinku naushi kawai kuke koyo. Kowa so yake a ce ya yi kisan kwaf ɗaya a ɗauka a waya. Ku koyi garkuwa kafin ku koyi kisa. Ku koyi kafa ƙafa, ku koyi ja da baya ba tare da kun juya ƙeya ba, ku koyi numfashi. In kun kalli wasan manya, ku ɗauke ido daga hannun zare ku kalli ƙafafunsu, a nan karatun yake. Ɗan damben da ya daɗe ana jin sunansa shi ne wanda bai sha duka da yawa ba.

Sarakunan dambe da masu gidajen wasa, amanar 'ya'yan mutane tana hannunku. Kada a haɗa yaro da wanda ya ninka shi jiki don a cika gida. A duba zare kafin a shiga fili, a tabbata babu abin da aka cusa a ciki. A ajiye ma'aikacin lafiya a gefe, da motar da za ta kai mutum asibiti in ta kama. Wanda ya suma yau kada a bar shi ya ɗaure hannu gobe, ko da shi ya nace, domin dukan kai ba ya nuna ɓarnarsa a rana ɗaya. Muna da tsofaffin 'yan dambe a garuruwanmu da suka ba jama'a nishaɗi da ƙuruciyarsu, yau hannu na rawa, ido ya raunana, babu mai leƙa su. Wasan da ke tara dubban mutane yana iya ware wani abu domin irin waɗannan.

Ku kuma 'yan kallo, hasashe na hira ne da nishaɗi, ba na caca ba. Kada wani ya ji sharhin nan ya je ya sa kuɗin buhun geronsa a kan Dogo ko a kan Ali. Addininmu ya hana, kuma iyali na jiran wannan buhun har damina ta zagayo. Ku yi gardama, ku yi ihu, ku yi wa gwaninku liƙi daidai ƙarfinku, in an tashi ku gaisa da na ɗaya ɓangaren. Su kansu 'yan damben in an gama sukan rungumi juna, to ina dalilin da zai sa magoya baya su ɗauki gaba?

Na san mutanen Ali suna da amsa, kuma ina son in ji ta. Ku aiko mana da ra'ayinku, amma ku haɗo da hujja: ta wace ƙofa zai shiga, a wane turmi, kuma me zai yi da garkuwar Dogo? Za mu karanta masu ma'ana a shiri na gaba, mu auna su da nawa.